Waƙar marigayi a hannun mai sunansa

Ku gyara zama. Ba tatsuniya na zo muku da ita ba, don tatsuniya in ta ƙare an huta. Wannan abu ne da ya same ni da furfurata, a garin da ba ya tsirar da komai sai benaye.

Ido ne ya kai ni Dubai. Yanar ido ta rufe na hagu ruf, na dama ya soma bin sahunsa, sai jikana ya aiko da biza ya ce in zo a kankare min. Shi wannan jikan sunan marigayi mijina aka sa masa, saboda haka bakina bai taɓa kama sunansa ba. Tun yana cikin zanen goyo Maigida nake ce masa, shi kuma da ya yi baki ya ce min Amarya, muka tafi a haka. Yana zaune da matarsa a unguwar Al Khabaisi, hawa na shida, a irin gidan da mutum zai shekara bai san muryar maƙwabcinsa ba.

Sana'arsa koyar da kiɗa a wata makaranta, amma abin da yake kumbura ƙirji da shi, shi ne yana ƙirƙira. Ya yi shekaru a ƙasar Turawa ya koyo yadda ake zuba kiɗa a takarda, ɗigo-ɗigo a kan layi kamar ƙudaje a igiyar shanya. Yana da mutanensa, za su kai talatin: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu kakaki. Akwai Indiyawa, akwai Larabawa, akwai Turawa. Kowa da aikin da yake ci da shi, ranar Asabar su taru, shi kuma ya tsaya a gabansu da ɗan tsinke yana dukan iska. Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi, balle jika: abin da ya ƙirƙira da kansa yana shiga jiki. Wannan ban taɓa musu ba.

Marigayi makaɗin noma ne. Ranar gayya maza su jeru a bakin gona, kowa da garmarsa, kowa da kuyyar da zai huɗa har ƙarshe, shi kuma yana biye da su da ganga a rataye. Wanda bai sani ba zai ɗauka ganga ce ke jan garma. A'a. Idonsa ba ya kan gwarzon da ya yi gaba, yana kan na baya: tsoho, ko mai ciwon ƙugu, ko wanda ya fito bai karya ba. Da numfashin wannan yake auna kiɗa. In aka kai ƙarshen kuyya sai ya ɗaga gula, ganga ta yi tsit. Ba waƙa, ba amshi. Maza su tsaya dafe da garemani, ba mai juyawa ya kama sabuwa, har sai na baya ya iso, ya miƙe, ya share goshi. Sannan gula ta sauka. Wata rana shirun bai fi haɗiyar yawu ba. Wata rana kuwa sai mace ta dama fura ta gama ba a buga ba.

Cikin waƙoƙinsa akwai guda mai baiti biyar, wadda ya gina a kan wannan shirun. Ƙarshen kowane baiti ana tsayawa. Ba a taɓa ɗaukarta a kaset ba. 'Yan amshinsa sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanmu suka tafi boko. Duk duniya ni kaɗai na rage da biyar ɗin a baki, ni da ban taɓa rera ta a gaban maza ba, sai a bakin turmi.

Akwai kuma abin da ya kamata in tuna tun farko, ban tuna ba. Wata shekara makaɗin ƙauyen da ke gabas da mu ya kwanta rashin lafiya, aka zo aka roƙi marigayi ya je ya buga musu taken mutumin nasu. Ya san taken sarai. Ya je, ya ɗauka daidai, amma kafin a raba gona biyu ya karkata shi, ya sa masa lanƙwasa irin tasa ba tare da ya sani ba. Wani dattijo ya kafa garma ya ce, "Wannan ba namu ba ne." Marigayi ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Ya ce min, "Maƙeri in ka ba shi garmar wani ya riƙe maka, hannunsa ƙaiƙayi yake ya mayar da ita wuta." Daga ranar bai ƙara buga kiɗan wani ba. In an zo roƙo sai ya tura wani ɗan amshinsa, mutumin da bai taɓa haɗa kalma biyu ya ce waƙarsa ce ba, amma in ya ɗauki ta wani har tarin mai ita sai ya yi.

To, bayan an yi min aikin ido, ina zaune a falo da auduga a fuska ina tsince wake da lalube, ashe bakina ya kama waƙar ban sani ba.

*Mai garma, kar ka duba rana,*
*duba wanda ka bari a baya.*

Sai na ji numfashin mutum a kaina.

"Amarya! Ashe kina da wannan murya kike ɓoye min? Da na sani ai da na ƙara sadaki."

"Na farkon ma goro ɗaya ne, shi ma ka gutsuri rabi. Matsa min, kana tare iska."

"Ta wa ce?"

"Ta mai sunanka."

Ya durƙusa ya kara min waya a baki, ya ce in maimaita. Ya ce makarantarsu za ta yi taro, zai sa mutanensa su buga ta, a rubuta sunan kakansa a takarda, Larabawa da Turawa su karanta. Nan ya kama ni. Mutumin da ya rayu ya mutu sunansa bai taɓa hawa takarda ba, ko ta haraji da sunan wansa ake rubutawa. Na rera masa baiti uku, wuyana ya bushe, na ce sauran biyun sai wani jiƙon. Wannan bushewar wuya ita ce kaɗai hikimar da na yi, ita ma ba tawa ba ce, Allah ne ya kawo.

Da aka cire min auduga sai ya ɗauke ni ranar Asabar da hantsi zuwa inda suke gwaji, wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Aka ba ni kujera a gefe.

Da kiɗan wani Bature suka fara, wanda aka ce ya mutu tun ba a haifi kakana ba. Ban san shi ba, ban san yarensa ba. Amma na san yadda ake ji in mutum yana son ya zauna ana fizgar hannunsa. Duk inda kiɗan ya nemi ya kishingiɗa sai tsinken ya zabure shi. "Yalla, yalla!" in ji jikana, wato a yi sauri. Kalmar da na fi tsana ke nan a garin nan; a lif yalla, a asibiti yalla, ga ta kuma a kan mamaci. Akwai wata Baturiya mai furfura irin tawa, da wani ƙaton goge jingine tsakanin gwiwoyinta. A wani wuri ta ja sandarta a hankali tana son ta daɗe, tsinken ya riga ya wuce. Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Wannan kallon ba ya neman tafinta.

Daga nan suka buga nasa. Sai ka ce an canja mutum. Hannun da ke fizga ya koma lallaɓa kamar mai ɗaukar ƙwai a ƙwarya. Ya rufe ido, ya ba kowa lokacinsa. Na ce a raina, to.

Sannan aka zo kan ta marigayi. An kawo ganga ta gaske, da wani mutumin wajen Filato, Kirista, magidanci mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, wanda ke buga ganga a cocinsu ranar Lahadi. Da ya sa gula, tsikar jikina ta tashi. Masu goge suka ɗauki muryar, na ji baitin farko yana tafiya, da sauri dai, amma shi ne. Aka zo ƙarshen kuyya. Na riƙe numfashi.

Jikana ya kaɗa tsinke sau huɗu, sai wata sarewa ta kutso cikin shirun tana lanƙwasa kamar ɗan maciji, goge suka rufa mata baya. Ganga kaɗai ba ta shiga ba. Mai gyaran esi yana tsaye, gula a sama.

Jikana ya buga tsinke a kan ƙarfe. "Oga, ina ka maƙale? Huɗu ne. Huɗu, ka sauka!"

"Ranka ya daɗe, ai ba a iso ba tukuna."

"Wa zai iso?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Hannunsa ne ya san gona, ba bakinsa ba. Ni kuwa na ɗaga sandata na doka ta a ƙasa, har Baturiyar ta firgita.

"Maigida, wannan tambayar da ka yi ta isa. Ba ka san abin da ka ɗauko ba."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsoho a gaban baƙi. "Kaka, bari mu gama, a gida ma yi magana." In ransa ya ɓaci Kaka nake komawa.

"A nan ka yanka ta, a nan za a yi. Wa ya ce ka sa sarewa?"

"Nan ba gona ba ce. Mutum talatin ba sa jiran abin da ba a ƙirga ba. In na yi shiru, masu kallo za su zaci an gama, su hau tafi."

"Su tafa mana. Tafi kake tsoro? Kakanka a gaban mayunwata ɗari yake ɗaga gula, ba wanda ya motsa."

"Gyara ta na yi, Kaka."

"Wa ya kawo maka ƙara cewa ta lalace?"

Ba wanda ya ji Hausa a ɗakin sai mu uku, amma kowa ya sauke kayan kiɗansa. A mota muka ƙarasa, yana tuƙi yana haki. Ya ce ni ban san yadda abin yake ba, duk wanda ya buga kiɗan wani dole ya sa hannunsa a ciki, in ba haka ba me ya raba shi da rediyo. Ya ce manyan da ya karanta duk haka suka yi da na magabatansu. Na ce to manyan ma ɓarayi ne, sai dai sun iya rubutu. Na ce na ga yadda ya ja tsohon Baturen nan a ƙasa kamar akuyar da za a kai kasuwa, don kawai ya ƙosa a zo kan nasa. Shi dai ba shi da mata a ɗakin da za ta doka sanda.

"Waƙar nan gadona ce," in ji shi.

"Gona ma in ka gada, ba ka huɗe kabarin da ke cikinta."

"To me kike so?"

"Ko ka buga ta yadda ya bar ta, ko ka cire sunansa."

Na ɗauka zai yi jayayya. Na ɗauka sunan kakansa zai yi masa nauyi a hannu. Muna tsaye a wata danja, ya kalli gaba ya ce, "Khalas, shi ke nan. Na cire."

Haka kawai. Abin da na ba da baiti uku dominsa, da kalma biyu aka share shi. Ni na nema, na sani. Amma wanda ya ce a yanke masa yatsa saboda ruɓa ba ya nufin ba zai ji wuƙa ba.

Mako biyu muna gaisuwar mutanen da suka haɗu a asibiti. Matarsa, yarinyar kirki, tana kawo min shayi tana kai masa, tana kallon ƙasa. Kullum da safe kafin ya fita ina jin sa ta bango yana taɓa fiyano, yana warware waƙar zare-zare yana sake saƙa ta. Wata rana in ji wani abu mai kama da hancin marigayi ya leƙo, kafin in gane shi ya ɓace.

Ranar taro bayan la'asar ce. Na ce ba ni zuwa, matarsa ta durƙusa, na je saboda gwiwarta. Ta karanta min takardar da ake rabawa a ƙofa. Sunan Baturen na nan. Sunan jikana na nan sau biyu. Suna ɗaya ne da na marigayi, amma ni na san wanda ake nufi.

Baturen dai ya sake shan ja. Allah ya ba danginsa haƙuri.

Aka zo kan waccan waƙar da ya warware ya sake saƙawa. Ya sauya ta gaba ɗaya: ya rage mata gudu, ya ɗauke muryar daga goge ya ba wani tsohon Ba'indiye mai sarewa, mai guntun numfashi. Suka tafi a hankali har ƙarshen baitin farko. Sai ya ɗaga tsinke sama, ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. Bai ƙirga ba. Ina kallon leɓensa, ba su motsa ba. Idonsa yana kan tsohon mai sarewa, wanda ƙirjinsa ke hawa yana sauka. Ya jira shi. Ya jira har wata mata a bayana ta daina fifita. Ba wanda ya tafa, ko mutum ɗaya. Da tsohon ya ɗaga kai, sannan tsinke ya sauka, ganga ta faɗo kamar ruwan farko.

Ya yi kyau. Da zan ce bai yi kyau ba, da ƙarya zan kwanta. Hawaye ya zubo min ta sabon ido, matarsa ta matse hannuna tana zaton daɗi ne. Ba daɗi ba ne. Tun da aka binne marigayi ban ji ɗaci irin na ranar ba. Ashe ya iya jira. Ashe mutum talatin suna iya tsayawa ba lissafi, ashe masu kallo ba sa tafi. Duk abin da ya ce ba ya yiwuwa, da waƙar ta zama tasa ya yiwu. Lokacin da take ta kakansa, shirun rami ne da za a cike. Da sunansa ya hau kanta, shirun ya zama ɗansa.

Bayan an watse ya zo yana gumi, fuska a sake, ya tsuguna a gabana.

"Amarya, kin ji? Na mayar da shirun."

"Na ji. Naka ne. Allah ya sa albarka."

"To a yi sulhu. Sauran biyun fa? Yanzu ai kin ga na gane."

"Ka gane naka."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba.

Kwana uku ina juya abin. In na mutu da biyar ɗin, an binne marigayi sau biyu. In na ba jikana, kafin a yi sadakar arba'in ɗina ya warware su ya saƙa wani abu mai kyau, mutane su yi ta kuka, ba mai sanin an taɓa yin na asali. Da mummuna zai mayar da ita ma da sauƙi, wani zai ce ina ta farkon. Kyakkyawa kuwa ita ke shafe uwarta.

Na sa matarsa ta kira min mai gyaran esi. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa.

"Ɗan nan, ka taɓa yin waƙa taka ta kanka?"

"Ni, Mama? Ko ɗaya. A coci ma abin da aka ba ni nake bugawa. Har faɗa ake min wai ba ni da salo."

"Madalla. Ka yi noma?"

"Har na bar gida. Babana ne kullum na baya, ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi."

Na faɗa masa abin da nake so. Ya tsorata. Ya ce shi ba jininmu ba ne, addini ma ba ɗaya ba, kuma oga zai ji haushi. Na ce jinin na gwada. Na ce sharaɗi uku ne: duk inda ya rera ta ya faɗi mai ita, kada ya bari a zuba ta a takarda, in ya ƙara mata ko tari guda da ba nata ba, ban yafe ba duniya da lahira.

A gidan ba zai yiwu ba. Kunnen jikana ɓarawo ne, sau ɗaya yake jin abu ta bango ya kwashe. Don haka ranar Lahadi bayan mutumin ya taso daga coci na sa jikana ya kai mu Deira, bakin ruwa, inda jiragen abra ke ɗaukar mutane suna ƙetarawa da injinansu masu ƙara. Na ce masa ya zauna a mota.

"A motata za ki tsare ni kamar direba?"

"Ai kai ka iya jira. Na gani da idona."

Muka zauna a wani benci, hayaƙin inji yana shiga min hanci, 'yan dako suna wucewa da kwalaye. Na rera a kunnensa, yana bugawa a cinya. Ba shi da kai sosai, bawan Allah. Baiti na huɗu sai da na maimaita har na ji haushi, na ce masa ko jaki ya fi shi riƙo. Ya ce, "Haka ne, Mama, a sake." Amma abin da ya shiga, ya shiga a miƙe. Bai lanƙwasa komai ba. Har inda muryata ta karye saboda tsufa ya karya tasa, sai da na ce wannan nawa ne, ba na marigayi ba, ya cire.

Rana ta yi sanyi muka dawo mota. Jikana bai juyo ba.

"Biyar ɗin duka kika ba shi?"

"Duka."

"Mai gyaran esi."

"Shi."

Ya ta da mota. Mutumin yana baya kusa da ni, bai iya hana hannunsa ba, yana bugun baitin farko a gwiwa a hankali, ba murya, tun da wannan jikana ya riga ya sani. Ya kai ƙarshen kuyya ya ɗaga hannu. Motar ta yi shiru. Muka wuce shaguna, muka wuce wata gada, hannun yana sama. Ina kallon ƙeyar jikana, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daure iyakar dauriyarsa, sannan ya miƙa hannu ya kunna rediyo.